Ɗamarar da Na Riƙa Wanke wa Yaya

Warin jabel, ruwan nan mai sa kaya su yi fari, shi ne ya bi Yaya har ƙofar gida a safiyar Litinin ɗin nan. Ina makarantar lise a garin Agiye lokacin, kuma wankin gidan duk nawa ne.

Aikin yayana hawa dogayen ƙarafan rezo na wayar salula, yana gyaran eriya. Yana da wata ɗamara mai faffaɗan maɗauri, ya zura ƙafafu da kafaɗu a ciki, ya maƙala ƙugiyarta a jikin ƙarfe, sannan ya saki hannu biyu ya yi aiki. Kullum takan dawo da gumi da baƙin mai da kashin tsuntsaye. Ni kuwa ban yarda a gan shi da dauɗa ba. Duk Lahadi sai in jiƙa ta a jabel, in dirje da buroshi, in shanya a kan katanga rana ta dake ta har la'asar.

Ran nan da yake ɗaure ta a bayan moto, babur ɗinsa, ya sunsuna ya yamutsa fuska.

"Auta, wannan wanki sai ka ce angonci za ni a sama?"

"To ai shamuwa ma tana da ido, Yaya."

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Gode mata, ƙazami. Wa zai taɓa maka wannan abin in ba ita ba?"

Ya yi dariya ya kama hanyar Gazawa. Kafin azahar aka kira Baba. Maɗaurin ya tsinke Yaya yana can sama, ya faɗo. Kwana uku ya yi a likita a Maradi, bai farka ba. Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare, na karɓa. Aka dawo mana da ɗamarar a leda, fes da ita. Inna ta sa ta a ƙasan akwati.

Sai bayan na gama jami'a wani abokin aikinsa ya zo gaida Inna. Cikin hira ya ce irin wannan ɗamara ruwa zalla ake sa mata, a shanya a inuwa. Jabel da rana suna cinye zarenta ta ciki, ido bai gani. Ya ce ai a rubuce yake a jikinta. Bai san wa ke wankin ba.

Da ya tafi na buɗe akwatin. Ga ɗan ƙyallen nan ɗinke a gefen kafaɗa, fari tas. Tun wankin farko-farko na goge rubutun.