Ƙyallen da Inna Tumba ta Warware

Inna Tumba, kakarmu ta wajen uba, ba ta buɗe baki sai an gama tuwo an iza mata karan dawa a murhu. A ƙauyenmu Kashin Zama ke nan. Ni ta fi tsokana, wai ni ne mijinta marowaci da ko goro ba ya saye. Akwai labari guda da ba ta yarda a ce masa tatsuniya, don da hannunta ta yi shi.

Ta ce farkon zuwan Nasara wani yadi ya ɓullo a kasuwar Jega, kaki, irin na sojojinsu. Ƙaya ba ta cin sa da wuri, ga ɓoye datti. Manoma suka juya wa saƙar kakanmu baya, har ya ɗaure kaya zai bi masu yi wa Nasara dako, ya bar ta da goyo. Waɗanda suka riga shi tafiya kuwa ba duka suka dawo ba.

Ta roƙe shi ya jira kasuwa uku. Ta kai wa wani maɗinki kwandon albasa ya ba ta ƙyallen kaki, bai kai tafin hannu ba. Maƙwabta suka sha dariya. Ta sa allura tana warware shi zare-zare, ashe zaren biyu yake tsallakewa ya nutse ƙarƙashin ɗaya, layi na gaba kuma ya gusa da zare guda. Shi ya sa jikinsa ke da layuka a karkace kamar kunyoyi.

"Sai niƙ ƙara sanda ta ukku ga masaƙata," in ji ta. "Sau huɗu shina ɓaci, ina kuka ina kwancewa."

Ran kasuwa wani ƙaton mahauci daga Maiyama ya ja saƙar tata shi da abokinsa, ya goga ta a kan ƙaya, ko gezau. Ya tambayi kakanmu ko shi ya saƙa. Kakanmu ya ɗaga murya a tsakiyar maza ya ce, "Mai ɗakina ta." Ita ta koya masa, bai je dako ba.

A nan Inna Tumba take tsayawa da labarin ta yi dariya har hawaye, mu kuma mu yi ta tsalle.

Da ina yaro ƙarfin yadin ke burge ni. Sai da na girma na gane tsoro ne fal a cikinta ranar da ta ɗauki allurar nan. Yau bakanike ne ni a Jega. Duk injin da aka ce sai Bature, wallahi sai na kwance shi na gani.