Dattijo Mai Layu a Ciki

A bakin ɗakin likita a Gusau, ga wani dattijo daga Karakkai, rawaninsa na gogar fanka. Zawo ya ramar da shi har babbar rigarsa na cigiyar mai ita. Layun da ya ɗaura a ciki kuwa, wallahi jaki ba ya ɗaukarsu. Da ganinsa, ya riga ya yanke hukunci: sammu ne.

"Baba," in ji likitar, "ƙwayoyin cuta ne a hanji, murɗaɗɗu kamar igiya. Mutane da yawa na ɗauke da su lafiya lau. Naka ne suka yi gardama, kuma akwai magani."

Dattijo ya shafa gemu.

"To, ɗiyata, maƙwabcina Sabiru fa? Tun damina na daina gaishe shi."