Ganɗa Na Ce, Ba Ganda Ba

Salama gare ku, 'yan zaure. Wata biyar ba ku ji ɗuriyata ba. Ina nan da rai, daga wani kafe a Titin Bauchi nake rubuto muku.

Da shayi abin ya fara. Na kurɓa, na ji kamar an ɗora mini garwashi a rufin baki. Na taɓa da harshe, sai ga ƙullutu.

Ni malamin Hausa ne. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa rufin bakin nan sunansa ganɗa. Da bakin nan nake ci da iyalina.

Na je wani ƙaramin asibiti a unguwar Congo-Russia. Likitan da 'yar Hausarsa ta kasuwa. Na ce masa ganɗa ke damuna, amma kumburin ya riga ya danne mini harshe, "ɗa" ɗin ta ƙi fita.

Ya ce, "Ganda? Oga, ka bar cin fatan shanu, shi ne yana ba ka wahala."

Maganin ciki ya rubuta mini. Ko bakina bai leƙa ba. Ni kuma haushi ya ɗebe ni na fice, wai ni malami guda ba zan tsaya maimaita kalma ba. Wautar nan mako uku ta ci mini.

Tuwo ya gagara, sai koko mai sanyi. A aji ina magana ɗalibai na kallon juna.

Yayana Habu ya ce belu ne. Ya kawo wanzami har gida a Dutse Uku, ya riƙe mini kai da kansa. Tsohon ya danne harshena, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Malam, belunka lafiya lau. Wannan ba aikina ba ne. Babban asibiti za ka je, yau ba gobe ba."

A ranar na tafi babban asibitin.

A can suka yanki ɗan nama don gwaji. Likitar da ta duba ni ba ta ɓoye mini komai ba: "In ciwon daji ne, sai an cire ganɗar. Maganarka ta hanci za ta riƙa fita."

Kwana goma sha biyu ina jiran sakamako. Wallahi na ji tsoro. Wa zai ɗauki malamin da ba a jin abin da yake faɗa?

Ƙari ne, ba daji ba. Likitar ta ce saura kaɗan ya taɓa ƙashi. Aka yi aiki, na yi mako shida ina magana da biro da takarda.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitar nan, da wanzamin da ya san iyakar askarsa.

'Yan uwa, in bakinku na ciwo, kada ku tsaya kan suna. Ku buɗe, ku nuna da yatsa, kada ku tashi sai an leƙa.

Litinin ɗin nan na koma aji. Na rubuta ganda da ganɗa a allo. Na juyo na faɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Har 'yan kujerar baya sun ji bambancin.