Kunnen Mabhena

Phineas Mabhena mijin yayata ne, kuma tun ranar da ya zo ƙauyenmu Kezi neman aurenta, sanye da takalmin aro da ya yi masa yawa, nake tsokanarsa. Sibali muke kiran juna, kamar kowane miji da ƙanin matarsa. Yau shekara arba'in da takwas ban raga masa ba, shi ma bai raga mini ba.

Aikinsa a reluwe aiki ne mai sauƙin rainawa. Idan jirgi ya tsaya a tashar Bulawayo, sai ka ga wani siririn mutum da doguwar guduma yana bin taragu, yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙafa mai lafiya takan amsa kamar ƙararrawa, wadda ta tsage kuwa sai ta ce ƙwas ta yi shiru. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wannan. Direba da fasinja da manyan ofis duk jiransa suke yi, don jirgi ba ya motsi sai Mabhena ya kai tarago na ƙarshe ya ɗaga hannu.

Nakan ce masa, "Sibali, kai kaɗai na sani ana biya don ya yi ta dukan ƙarfe kamar mai taɓin hankali."

Yakan ce, "Kai malamin makaranta surutu kake sayarwa, ni kuwa sauraro. Je ka tambaya wanne ya fi wuyar samu."

Akwai wani alkawari da ya ɗaure kansa da shi tun yana saurayi. Ranar da aka kawo masa amarya daga Kezi ba a sami mota ba, sai a bayan wata babbar mota mai ɗauke da awaki aka zaunar da ita. Yayata MaSiwela ta sauka a unguwar Sizinda farar rigarta tana ƙarnin bunsuru, tana kuka don takaici. Nan ya rantse a gaban mutane cewa wata rana zai mayar da ita Kezi ganin gida a motarsa ta kansa, a kujerar gaba, har mutane su fito kallo. Yaya ta share hawaye ta ce masa to. Shekaru suka yi ta wucewa, in an je Kezi a bas ake zuwa.

Shekarar da ya yi ritaya, wata tsohuwar Baturiya a unguwar Hillside ta kira shi ya gyara mata famfo kafin ta koma wurin 'ya'yanta. A bayan gidan ya ga abin, ƙarƙashin bishiya: 'yar mitsitsiyar motar Ingila ƙirar MG ta 1967, mai kujera biyu, ba rufi. Tsatsa ta cinye gindinta, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Tsohuwar ta ce in zai kwashe ta ma ya rage mata aiki. Da igiya aka jawo ta har Sizinda a bayan motar burodi, Sibali yana riƙe da sitiyari yana washe baki kamar wanda aka naɗa sarauta.

Yaya ta fito ta zagaya ta sau ɗaya. "Baban Nomvelo, wannan ce motar zuwa Kezi? Ai gara awakin, su ko ba komai suna motsi."

Ya ce mata shekara biyu ta isa. Sha ɗaya ya yi.

Ya warware ta kaf har sai da ta zama ba mota ba. Kowace ƙusa da kowane noti ya shiga gwangwanin madara da sunansa a rubuce. Bahon wankin Yaya ya koma na wanke ƙarfe da kananzir, igiyar shanyarta ta koma ta rataye wayoyi. Da damina ta zo, giyar motar a ƙarƙashin gadonsu ta kwana wata huɗu. 'Yarsu Nomvelo da ke aiki a Johannesburg takan aiko da abin da ta samo ta hannun direbobin da ke kai-komo da kaya, sai ka buɗe buhu ka ga fulogi tsakanin shinkafa da sabulu. Abin da ba a samu ba shi yake zama ya goge ƙarfe da hannunsa har ya fito. Da aka zo fenti ya zaɓi ja, irin jan rigar da matan cocinsu suke sawa ranar Alhamis da Lahadi, wadda Yaya ta fi kyau a cikinta. Na faɗa masa haka, ya ce ƙarya nake yi, jan ne kawai ya samu.

Yaya kuwa ba ranar da ba ta yi wa motar mita. Ita ce shugabar mawaƙan mata a coci, ita ke ɗauko muryar farko kowa ya bi, kuma in mace ɗaya cikin talatin ta kauce sai ta waiga ta harare ta ita kaɗai. Da can mai magana a hankali ce. Amma a shekara biyun nan na lura ta koma mai ɗaga murya, ko shayi za ta ce an dafa sai maƙwabta sun ji. Na ce mata, "Yaya, tsufa ya mayar da ke lasifika." Ta dube ni ta ce in sha shayina.

Daga ƙarshe aiki biyu suka rage, kuma duka biyun kamar don Sibali aka yi su. Ƙafafun motar masu wayoyi ne irin na keke, sittin a kowace ƙafa, sai an buga kowace waya an ji kukanta kafin a san ta ɗauru. Sannan injin kabureta biyu gare shi, dole su riƙa shan iska daidai wa daida. Yadda ake yi, ka sa bakin tiyo a ɗaya, ɗaya bakin a kunnenka, ka ji hucinta, ka koma ɗayar, ka yi ta murɗa ƙusa har hucin ya zama ɗaya. Sibali ya ce mako guda ya ishe shi.

Wata uku aka yi. Injin yana tashi, amma sai ya yi ta karkarwa yana tari, baƙin hayaƙi yana bin shanyar maƙwabta. Yau ya ce mai ne ba kyau, gobe ya ce fulogi ne.

Wata Asabar da rana na je na same shi zaune a kan benci gefen motar, ya ba ni baya, tiyon yana kan cinyarsa. Na yi gaisuwa sau biyu bai waigo ba. Da na dafa kafaɗarsa sai ya zabura.

Ya ce, "Sibali, ka san wani ɗan gwangwan mai mutunci? Wanda ba zai sassare ta a gabana ba."

Na buɗe baki zan yi masa shaƙiyanci, sai na ga fuskarsa.

Ya ɗaga tiyon. "Ba na jin komai a cikin abin nan. Na sa a dama, na sa a hagu, shiru. Ko maganarka bakinka nake kallo." Ya mayar da tiyon kan cinyarsa. "Ban taɓa sakin jirgin da ban ji lafiyarsa ba, ba kuwa zan sa yayarka a motar da ban ji ba. Kada ka gaya mata."

Tausayinsa ya kama ni. Na ce masa ba zan faɗa ba. Daga nan kuma kicin na nufa kai tsaye, don duk wanda ya san ni ya san cikina ba ya riƙe magana.

Yaya tana tuƙa tuwon masara. Ta saurare ni har na gama, muciya ba ta tsaya ba.

Ta ce, "Sai yau ka sani? Kai da ka ce na zama lasifika, don wa kake tsammani nake ihu?"

Ashe tun shekara biyu ta gane, ranar da butar shayi ta yi ta fito a bayansa bai juya ba. Tun daga ranar take ƙara murya kaɗan-kaɗan don kada ya lura, rediyo ma kowane wata sai ta ɗan murɗa shi sama. Ta ce, "Kunnen nan shi ya ciyar da mu, shi ya kai Nomvelo makaranta. Da wane baki zan ce masa ya tafi?"

Sai ta sassauta murya, irin muryarta ta da. "Kuma a ƙafar baya ta hagu akwai waya huɗu da ba sa kuka daidai. Daga nan nake jin su in yana bugawa, ya wuce su ya ce lafiya. Kullum ina cewa gobe zan faɗa." Na gaya mata zancen ɗan gwangwan. Ta sauke tukunya, ta goge hannu a zaninta, ta fita.

Ba ta ambaci kunne ba ko sau ɗaya. Ta tsaya a gabansa inda zai ga bakinta ta ce, "Baban Nomvelo, shekara sha ɗaya motar nan tana cin filin shanyata ban taɓa sa mata hannu ba. Ɗauko ƙarfenka ka buga mini wayoyin nan in ji."

Ya dube ta, ya dube ni. "Wannan malamin dai..."

"Rabu da shi, haka aka haife shi. Buga."

Ya tashi daga bencin. Sannan ya durƙusa da sifana ya fara bi. Shi yana bugawa, ita tana gyaɗa kai. Da aka zo ta farko cikin huɗun ta girgiza kai, ya ɗaga ido ya dube ta, ya sunkuya ya ɗaure ta. Waya ɗari biyu da arba'in suka bi ranar, tuwo ya huce a tukunya, ni na ci rabon kowa.

Washegari bayan an tashi daga coci aka koma kan injin. Ya tayar da shi, ya nuna mata inda ake sa tiyo. Yaya da jar rigarta da farar hula, ta sunkuya cikin hayaƙi ta saurari kaburetar gaba, ta saurari ta baya.

Ta yi tsaki. "Ta gaban nan tana haƙilo, ta bayan tana jin barci. Irin su gare ni biyu a layin baya."

Bai ji abin da ta ce ba saboda ƙarar injin, don haka ta koma yi masa da hannu, yadda take yi wa mawaƙanta: tafi sama in tana so a ƙara, tafi ƙasa in tana so a rage. Shi kuma idonsa a kan hannunta, yatsunsa a kan ƙusa, yana murɗawa kamar mai tsoron ya ji wa abin ciwo. Sun fi awa biyu a haka. Can sai tarin ya ragu, karkarwar ta lafa, injin ya kama wani gunji mai laushi, shimfiɗaɗɗe, wanda har maƙwabcinsu ya leƙo ta kan katanga. Akwai kofin shayi da Sibali ya ajiye a gefen motar, tun ɗazu yake rawa. Ya ga shayin ya tsaya cak.

Ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya tambaye ta, kamar yana jin kunya, "Ya kukanta yake?"

Yaya ta ajiye tiyon. Ta kamo hannunsa, baƙi ƙirin da mai, ta ɗora a kan maƙogwaronta, ta rufe baki ta ɗauko muryar injin daidai, ta riƙe. Ya lumshe ido. Ta ja numfashi ta sake, ta sake, mai yana ɓata wuyan rigarta ba ta kula ba. Ni dai na juya na shiga duba katanga, don ba na so Sibali ya samu abin da zai yi mini gori da shi.

Da ya buɗe ido ya ce, "Lafiyarta ƙalau."

Asabar ta gaba da hantsi suka shirya tafiya Kezi. Kujera biyu ce, saboda haka ni aka bar wa gadin gida da kaji. Rabin layinsu sun fito kallo. Yaya ta ɗaure kanta da gyale saboda iska, ta zauna a kujerar gaba da kwandon burodi da sukari a cinya, tana ta faɗan motar ta yi ƙasa da yawa, gwiwarta ba za ta yafe masa ba.

Sibali ya tayar da injin, ya sa giya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Amma bai tafi ba. Mutane suka fara cewa ko wani abin ya sake lalacewa. Shi kuwa ya juya yana kallon matarsa, yana jira. Yaya ta karkata kai ta saurara, ta saurara sosai, har ta gamsu. Sannan ta ɗaga hannu, ya saki birki.