Da Ciki Na Sauka Ƙasar Ubana

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta daminar da na sauka ƙasar Katagum da tsohon ciki ba. Shekaru sun ja, furfura ta fara fito mini, amma har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina.

A Jidda aka haife ni. Aikin hajji ne ya kai iyayena suka zauna ba takardar zama, kamar sauran takari. Can mahaifina ya rasu, can na yi aure, can na haifi 'yata ta fari, da tiyata aka ciro ta. Likitar da ta yi mini aikin ta ja kunnena, ta ce duk ranar da na sake samun ciki, kada in yarda naƙuda ta same ni a gida. Ina da cikin wata bakwai, wata safiya na fita cefane, aka yi kame, aka tura mu mota. Da aka gama tsare mu, jirgi ya sauke mu a Kano daga mu sai kayan jikinmu. 'Yata tana wurin mahaifiyata, mijina yana wurin aiki, ko sallama ba mu yi ba.

Abin da na riƙe a kaina shi ne sunan ƙauyenmu a bayan Sakwa, da sunan ƙanen mahaifina. Da tambaya na kai. Baffa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wannan goshin na Yaya ne," sai hawaye. Matarsa, Inna, ta share mini ɗakinta ta koma na yara. Tsakani da Allah, riƙon 'ya suka yi mini.

Matsalar ita ce Hausata rabinta Larabci ce. Nakan ce wa Inna ina son zuwa mustashfa, ita kuwa ta zaci sunan wani gari ne. Ban san awo ake cewa ba. Da ta gane asibiti nake nufi, sai ta yi dariya.

"Me za ki yi a asibiti ba ki da ciwo? Ungozomarmu ita ta yanke cibiyar duk yaran gidan nan."

Ga shi a gidan maganar ciki abin kunya ce, ba a yin ta a tsakar gida. Haka makonni suka wuce ina lissafi ni kaɗai. Ran nan dai na ja ta ɗaki, na ɗaga rigata na nuna mata tabon. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! 'Yar nan, yanka ki aka yi?"

Washegari ta yafa mayafi ta sa ni gaba. A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, malamin ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai Azare. A Azare kuwa muka tsaya a bakin ƙofar asibiti kamar ɓatattu, ni ban san gari ba, Inna ba ta taɓa shiga irin wurin ba. Wata 'yar kabilar Ibo mai shagon kayan jarirai, wadda kowa ke ce wa Madam, ita ta lura da mu.

"Ke baƙuwa ne?" in ji ta da gurguwar Hausarta. "Ni ma da ciki na zo wannan gari, ko 'zo' ban sani ba. Taho."

Ta rufe shagonta, ta kai mu inda ake yankar kati, ta tsaya har aka kira ni. Malamar asibitin ta duba ni, ta duba idona, ta ɓata fuska.

"Ina kika shige tuntuni? Jininki ya yi ƙasa. Za a sa miki ranar aiki, amma kafin nan kada ki yi nisa da gari."

Nan take Madam ta ce akwai ɗaki a gidanta, in zauna har in haihu. Da muka koma gida muka faɗa wa Baffa, sai ya girgiza kai.

"'Yar Yaya ta zauna gidan baƙi ina raye? Me za a ce da ni? Ki kwantar da hankalinki, ana jibi ranar da kaina zan kai ki."

Ba mugunta ba ce, na sani. Mutumin da ya karɓe ni ban zo masa da ko tsinke ba, da wane baki zan musa masa? Na yi kara, na ce to.

Naƙuda ba ta jira ranar ba. Da hantsi ta taso, bayan ruwan sama da ya kwana yana zuba. Aka ɗora ni a amalanke, amma da muka isa fadamar da ke tsakaninmu da titi, ta cika ta batse, shanu suka ƙi shiga. Maza suka koma da gudu suka ciro ƙyauren ɗaki, aka kwantar da ni a kai, suka ɗauke ni bisa kawunansu. Baffa ne a gaba, ruwa har ƙirjinsa, yana ta salati. A tsakiyar ruwan nan na ji wani abu ya yage a cikina kamar tsohon zane. Sai ciwon ya tsaya cak.

Muna hawa tudu Inna ta ce, "Alhamdulillahi, ya lafa." Ni kuwa na san ba lafawa ba ce, don motsin da nake ji ma ya daina.

Ban san yadda aka samu mota ba, ban san isarmu Azare ba. Da na farfaɗo, Inna na gani a gefen gado da auduga manne a hannunta, ashe jininta aka ƙara mini. Madam tana tsaye da kwanon farfesu, ta kasa kallona. Inna ce ta yi ƙarfin hali.

"Namiji ne. Baffanki ya yi masa sutura."

Ban ga fuskarsa ba. Daga baya likita ya gaya mini tsohon ɗinkin ne ya fashe, dole suka cire mahaifar don su ceci raina.

Da aka sallame ni, Madam ta raka ni wurin masu buga waya a gindin lema, don lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba. Na kira Jidda na gaya wa mijina, ya ce Allah ya ba mu ladan haƙuri. Sai 'yata ta ƙwace wayar, ta tambaye ni da Larabci yaushe zan kawo mata ƙaninta. Na miƙa wa mai lema wayarsa.

Hanyar komawa Jidda ba ta samu ba, na ci gaba da zama a gidan Baffa. Bai sake haɗa ido da ni ba har ya bar duniya. Duk kaka sai ya ware mini damin gero mafi kyau, ya ajiye a ƙofar ɗakina ya wuce. Sau ɗaya, yana ciwon ajali, ya ce, "Ki yafe mini." Na ce ban taɓa riƙe shi ba, kuma gaskiya na faɗa.

Abin da wannan damina ta koya mini shi ne, mutum yana iya samun masu ƙaunarsa kamar ransu, kuma ƙaunar ta kasa tsare shi, in ba su san haɗarin da yake ciki ba. Baƙo sai ya buɗe baki ya faɗa, ya sake faɗa, har a ji. Kara ado ce a wurin zumunci, amma inda rai yake, a ajiye ta gefe.