Anti Walida Mai Majigin Cheras

Duk ranar Asabar, kafin ƙarfe takwas na safe, Malama Walida Bala tana cikin kasuwar Chow Kit ta birnin Kuala Lumpur tana neman masarar gugguru da busasshen zoɓo da citta. Daga nan ta hau jirgin ƙasa ta koma unguwar Cheras, ta ɗora tukunya. Da an idar da La'asar za ka ga tana saukowa daga hawa na goma sha huɗu, majigi a rungume, farin zanen gado a kafaɗa. Ta buɗe zauren taron da ke ƙasan benen, wanda mazauna ke kira dewan, ta jera kujeru, ta rufe tagogi da baƙin yadi. Biyar daidai take kashe fitila. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan hidima, ba wanda ya sa ta, ba wanda yake biyanta.

Finafinan Amurka take nunawa, kuma tana da dalili. Shekara takwas ta zauna a Ohio lokacin da maigidanta, Dakta Halliru, yake karatu. A can wata tsohuwar Baturiya ta riƙa share mata ƙanƙara daga ƙofar gida duk tsawon jegonta. A can kuma wani ya taɓa yi mata ihu a tashar mota saboda hijabinta. Da aiki ya kawo su Kuala Lumpur, sai ta tarar ɗalibanmu ba su san komai game da Amurka ba sai bindiga da manyan motoci.

"Ba wannan ce kaɗai Amurkar da na zauna ba," in ji ta. "Akwai manoma, akwai malaman makaranta, akwai masu kwana da yunwa. Bari su gani da idonsu."

Ba ta taɓa haska fim ba sai ta kalle shi sau biyu ita kaɗai, ta rubuta mintunan da ba su dace da idon yara ba. Shi ya sa yaran da aka haifa a nan suke kiranta Anti Skip, wato mai tsallakewa. Da sun ga ta ɗaga hannu sai su haɗa baki: "Anti, skip lah!" Ana kiran Magariba take tsayar da komai, a je a yi salla, a dawo a kunna fitila, a zauna muhawara kan abin da aka gani.

Ba kowa ne ya yi na'am ba da farko. Malam Badamasi, babba a cikin masu digiri na uku, ya tare ta wata rana a bakin dewan, fuska ba walwala.

"Malama, mun baro gida don ilimi, ke kuma kina shigo mana da tarbiyyar wasu."

"Malam, tarbiyyar tasu ta riga ni shigowa," ta ce masa a natse. "Tana cikin wayar kowane yaro, yana kallo shi kaɗai a ɗaki. Ni so nake mu kalla tare, mu ɗauki na ɗauka, mu zubar da na zubarwa. Ka zo ka zauna sau ɗaya. In ka ga ɓarna, ni da kaina zan naɗe zanen."

Ya zo don ya kama laifi. Tun daga ranar bai sake fashi ba, kuma duk zauren ba wanda ya kai shi gardama.

Amma abin da ya sa mazauna benen ba za su manta da ita ba, shekara huɗu da suka wuce ya faru. Wasu samari baƙi suka yi faɗa a wurin ajiye motoci, har aka fasa gilashi. Ba 'yan benen ba ne, amma baƙar fata ne. Kafin mako ya zagayo, kwamitin mazauna ya rataye ƙyalle a bakin ƙofa yana kira ga masu gidaje su daina ba 'yan Afirka haya, aka kuma garƙame dewan. Iyalai sama da ashirin hankalinsu ya tashi. Wasu saura wata biyu hayarsu ta ƙare, ga yara a makaranta, ga rubutun digiri bai kammala ba. Samarinmu suka ce sai sun yage ƙyallen.

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji Walida. "In kun yaga, gobe za a rataye biyu."

Ta ɗauki ƙafa ta tafi wurin shugaban kwamitin, wani dattijon Bamalaye da ake kira Encik Tajuddeen, wato Malam Tajuddeen. Ba ta yi masa maganar ƙyalle ba. Ta roƙi Asabar ɗaya tak, da sharaɗin zai zo shi da 'yan kwamitinsa.

"Boleh," ya ce, wato ya yarda. "Amma ita ce ta ƙarshe."

Ranar ba fim na wasa ta sa ba. Hira ce da tsofaffin wani ƙaramin gari a Amurka, baƙaƙe da farare, suna ba da labarin zamanin da ake kafa alluna a ƙofar gidaje cewa ba a ba baƙar fata haya. Ta tsaya a gefen zanen tana fassarawa da Malayancinta na kasuwa, tana tuntuɓe tana gyarawa. Can sai aka nuno wani tsoho Bature da ya haura tamanin. Shi ne mai rubuta allunan a ƙuruciyarsa. Ya ce jikarsa ta ga hoton ɗaya a makaranta, ta gane rubutunsa, ta zo ta tambaye shi dalili, ya rasa abin faɗa.

Aka kira Magariba. A masallacin benen, liman bai zo ba, sai Encik Tajuddeen ya dafa kafaɗar Malam Badamasi ya tura shi gaba, shi kuma ya tsaya a bayansa. Da aka dawo aka kunna fitila, dattijon ya miƙe.

"Puan Walida," ya ce, wato Malama Walida, "da gangan kika zaɓi wannan."

"Da gangan, Encik."

Ya jinjina kai. "Jikata aji ɗaya suke da 'yarki. Kullum ta gaban ƙyallen nan suke wucewa tare."

Ya koma ya zauna. Mako uku kwamitin ya yi yana cacar baki, sannan wata safiya aka wayi gari babu ƙyalle, aka mayar wa Walida makulli. Ba duka aka ci nasara ba. Masu gida biyu sun ƙi sauya ra'ayi, iyali ɗaya sai da suka koma unguwar Brickfields. Amma sauran sun zauna, sun gama karatunsu. A yau rabin masu cika dewan Malaye ne da Indiyawa da Sinawa, wasu har da tapau, wato ƙunshin abinci, suke zuwa a raba.

Ƙarshen watan nan Dakta Halliru zai ajiye aiki, za su koma Kano.

Anti Walida, ke ce kika nuna mana ana iya sanin wata al'umma ba tare da an bauta mata ba, ba tare da an tsine mata ba. Ke ce kika tsaya gaban mutanen da suka rufe miki ƙofa, ba ki zage su ba, ba ki kuma durƙusa ba. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, ba jaridar da ta buga hotonki. Amma akwai daktoci a jami'o'in Arewa yau waɗanda da ba don ke ba, da sun tattara kayansu digiri bai kammala ba. Uwar baƙi, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya kai ku gida lafiya.

Mu kuma da muka rage, kowannenmu ya zauna wani wuri, ya san wani abu da maƙwabcinsa bai sani ba. Kada mu jira ofishi ko izinin wani babba. A tashi a ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa, a ce wa mai ita: zo mu zauna, ina da abin da zan nuna maka.