Hajiya Fausat, Mai Tambayar Inda Za Ka Kwana

Idan ka baro cunkoson Bata da hantsi ka shiga layin da ya gangara cikin Fagge, akwai wani tsohon bene da masu sayar da akwatunan tafiya suka cika ƙasansa. Ka hau matakalar nan mai duhu, ƙofa ta biyu a hannun dama, nan ne shagon Hajiya Fausat. Danginta suna kiranta Alhaja, don iyayenta daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma ita a Fagge aka yanke mata cibiya, kuma Hausar bakinta ta fi ta wasunmu kaifi. Aikinta sayar da tikitin jirgi da nema wa matafiya masauki a ƙasashen waje. Ta fi shekara talatin tana yi.

Takan iso da tulun shayinta da tabarau biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na kallon mutane. Ta yi sallar walha a bayan tebur. Kafin ta saurari kowa sai ta ɗauki waya ta kira masu masaukan da ta tura wa baƙi, a Alƙahira ne ko Dubai ko Istanbul. “Sun iso? Famfo yana kawo ruwa? Ɗakin da muka yi magana ne, ko kun sauya?” Mai masauki zai yi ta rantsuwa cewa komai daidai. Ta ce to, madalla. Tana ajiye wayar sai ta kira baƙon da kansa ta sake yi masa tambayoyin nan, kamar ba ta ji komai ba.

Haka take. Hoton ɗaki ba ya burge ta. Idan aka nuna mata gado mai farin zane da fure a kai, abin da za ta ce shi ne, “Me ya sa ba su ɗauki banɗakin ba?” Idan aka ce otal yana kusa da teku, sai ta ce kusa a ƙafa ko kusa a mota? Kuma ba masu otal kaɗai take zargi ba, har mu masu zuwa wurinta. Ta ce matafiyi yakan ɓoye abu biyu: mai kuɗi yakan ɓoye abin da ransa yake so, talaka kuma yakan ɓoye ƙarfin aljihunsa.

Wani attajirin Kantin Kwari ya taɓa zuwa zai kai iyalinsa hutu Istanbul. Ya zo da sunan wani ƙasaitaccen otal a kan tudu, ya ce shi a kama masa, kuɗi ba matsala ba ne. Ta sauke tabarau ta ce, “Alhaji, da Inna za a tafi?” Ya ce ai don ita ma aka shirya tafiyar. “Tana hawa tudu? Tana cin abincinsu?” Ta kama musu gida mai kicin a ƙasa, masallaci a bakin ƙofa, ta ce su tafi da kuka da daddawa da garin tuwo. Ya fita yana ƙunƙuni, wai an mayar da shi ƙauye. Da suka dawo, tsohuwar ce ta aiko mata da turare.

Ni kuma ta ɗaya ɓangaren na san ta. Muna malaman makaranta mu uku, mun yi adashe za mu je Alƙahira buɗe ido, mun samo wani masauki mai arahar ban mamaki a waya. Ta duba ta ce, “Malam, kun san gado kuka kama, ba ɗaki ba? Kun san da wa za ku kwana? Maza da mata ne a haɗe, kowa da jakarsa a ƙarƙashin filo.” Ta haɗa mu da wata tsohuwa 'yar Sudan mai ba da hayar ɗaki a gidanta. Ba kyau ne da ɗakin ba, fankar tana kuka kamar akuya, amma mun yi barci da ido biyu a rufe, mun dawo da kayanmu cif.

Mai yawan tambaya ba ya rasa masu zarginsa. An sha cewa duk wannan binciken don la'ada ne, wai tana kushe masaukin da ka samo don ta tura ka inda za a ba ta nata kason. Amma zargin da ya fi yi mata ciwo shi ne na maganar Huseina, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Huseina budurwa ce mai sayar da kayan kwalliya a wani shago a Kasuwar Sabon Gari, ita da abokiyar aikinta Adaugo. Wata rana wani mutum mai tsafta da iya magana ya fara zuwa shagon, ya ce shi wakilin wani kamfanin man shafawa ne na wata ƙasar Larabawa. Bayan 'yan watanni ya zo musu da albishir: kamfani ya zaɓe su cikin waɗanda suka fi sayar da kayansa, za a kai su hutun mako guda, jirgi da otal da abinci duk kyauta. Nasu kawai su yi fasfo. Ya koma can ya ci gaba da kiransu, yana turo hotunan ɗaki mai labule har ƙasa.

Huseina ba tikiti ta je saye ba. Ta zo sayen akwati ne a ƙasan benen, sai ta ce bari ta hau ta tambayi Hajiya irin kayan da ake sawa a can. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi.

Hajiya ta taya ta murna, ta zuba mata shayi, sannan ta ce, “'Yata, ina za ku sauka?”

“Otal ne babba, Hajiya. Ga hotonsa.”

“Na ga hoto. Yaya sunansa?”

“Ya ce sai mun isa. Mota za ta ɗauke mu a filin jirgi.”

“Ranar dawowa fa?”

“Ya ce a can za a yanka mana na dawowa, ya fi sauƙi.”

“To fasfo ɗinku, a hannun wa zai zauna?”

Huseina ta ce a nan ta fara jin haushi. “Direba zai karɓa ya ajiye mana don kada ya ɓata. Hajiya, kyauta ce fa aka yi mana.”

“Banza ba ta kai zomo kasuwa,” in ji Hajiya. “Kira min shi, kiran da zan ga fuskarsa.”

Mutumin ya ɗauka yana murmushi, ya gaishe ta da ladabi, har da “Mama”. Ya juya waya ya nuna ɗaki, ga gado, ga labule. Hajiya ta ce masha Allah, ɗan buɗe labulen nan mu ga titi. Ya ce rana ta yi yawa. Ta ce to sauka ƙasa wurin masu karɓar baƙi mu gaisa, mu ji sunan otal ɗin daga bakinsu. Sai hoto ya tsaya cak, kira ya yanke. Huseina ta ce ai matsalar layi ce. Hajiya ba ta yi musu ba. Ta tambayi inda gidansu yake.

Da la'asar sai ga ta a gidan, ita da ba ta shiga harkar da ba a kira ta ba. Ta sami mahaifiyar Huseina, Nana Hafsat, da yayanta Habibullah mai gyaran waya. Ba ta ce kada a tafi ba, don ta san idan ta faɗi haka ta gama faɗuwa. Cewa ta yi, “Ni ban ce mutumin nan mugu ne ba, ban san shi ba. Amma abu ɗaya nake roƙo. A gaya masa Habibullah zai raka ta. Ba sisin kamfani, ni zan nema masa jirgi mai sauƙi da ɗan ɗaki kusa da su, ɗawainiyar a kaina. Idan hutu ne, me zai dame shi don yayanta ya zo?”

Habibullah ya ga maganar ta yi. Huseina ta tura saƙon a gabansu tana zumɓura baki. Amsa ta zo cewa dokar kamfani ba ta yarda da rakiya ba. Aka ce ai ba tare za su sauka ba, shi daban zai zauna. Daga nan bai sake amsawa ba. Washegari lambarsa ta daina shiga a wayar Huseina. A wayar Adaugo kuwa tana shiga, har ya ce mata an cire sunan ƙawarta saboda danginta ba su da godiya.

Hajiya ta bi Adaugo har shago. Adaugo ta ce, “Mama, kin ɓata na Huseina, ki bar min nawa.” Hajiya ta nemi iyayen yarinyar, aka ce suna can garinsu a kudu, ƙanen uban da take zaune wurinsa kuwa ko kujera bai ba ta ba. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta sa yarinyar ta haddace lambar wayarta, ta maimaita mata har ta zauna. Adaugo ta yi ne don a rabu da ita. Ta tafi.

Abin da ya biyo baya kowa a layin ya gani. Hotunan Adaugo suka fara zuwa, tana dariya a filin jirgi, tana cikin mota mai sanyi. Huseina ta yi kuka har idonta ya kumbura. Nana Hafsat ta tsaya a ƙasan benen ta ɗaga murya: “Bayarabiya mai baƙin ciki! Don ba ta hannunki aka bi ba, shi ne kika toshe wa 'yata arziki?” Magana ta zaga Fagge da Sabon Gari. Wasu suka ce ƙyashi ne, wasu suka ce da ma an gaya muku sai inda take da la'ada. Matan da suka saba hawa wurinta suka ɗauke ƙafa. Na je gaishe ta a kwanakin, na same ta zaune ita kaɗai, shayi ya huce. Na ce Hajiya, idan kuma mutumin nan gaskiya ne da shi fa? Ta ce, “To na ci haƙƙin yarinya, sai in nemi gafararta. Malam, wallahi addu'ata ke nan, a ce ni ce na yi kuskure.”

Mako ya cika, Adaugo ba ta dawo ba. Hotuna suka tsaya. Ƙanen ubanta ya ce ta samu aiki ne a can, kowa ya gyaɗa kai, don haka ya fi daɗin ji. Damina ta wuce, wata ta zo.

Ranar da waya ta zo wa Hajiya, lamba ce baƙuwa, muryar kuma ƙasa-ƙasa. Adaugo ce, da wayar wani mai shago. Ba otal aka kai ta ba. An karɓi fasfo tun a mota, aka kai ta wani gida aikatau, ba albashi, ba fita, ana ce mata sai ta biya abin da aka kashe a kanta. An aike ta zubar da shara ne ta samu ta gudu. Duk lambobin da ta sani suna cikin wayar da aka ƙwace, sai guda ɗaya da ta zauna mata a ka.

Hajiya ba ta ce “ai na gaya miki” ba. Ta ce, “Miƙa wa mai shagon wayar.” Da ɗan Larabcinta na kasuwa ta gane unguwar. A garin akwai wata Bakanuwa, Nana Fatima, mai ƙaramin masauki da Hajiya ta daɗe tana tura mata 'yan kasuwa masu ƙaramin ƙarfi, irin wurin da masu kuɗi ko kallo ba sa yi. Hajiya ta kira ta, ita kuma ta shiga tasi ta ɗauko yarinyar, ta ɓoye ta a ɗakin 'ya'yanta, ta yi ta kai ta ofishin jakadanci har aka ba ta takardar dawowa. Tikitin kuwa, 'yan kasuwar layin su Adaugo ne suka haɗa, Hajiya ta fara sa nata.

Adaugo ta dawo a rame, ba ta son magana. Sai da ta huta ta faɗi cewa a gidan da aka fara ajiye su ta bar wasu 'yan mata, kuma an yi ta tambayarta ina ɗayar da aka ce za ku zo tare.

Nana Hafsat ta hau benen nan da Huseina a bayanta. Ta durƙusa tana neman gafara. Hajiya ta kama hannunta ta ɗaga ta. “Tashi, Maman Huseina. Da 'yata ce aka yi wa albishir wata ta zo ta hana, ni ma sai na zage ta.” Sannan ta juya ta share ido, ta ce abin da yake damunta shi ne 'yan matan da aka baro a can.

Hajiya Fausat, ke ce uwar matafiya, mai tambayar da ba a so. Ke ce kika yarda a kira ki mai baƙin ciki a bainar jama'a, shagonki ya bushe, don kada 'yar wani ta kwana inda ba a san sunansa ba. Ba ki da hujja a hannu ranar nan, zuciyarki ce kawai ba ta kwanta ba, kuma ba ki yi abin da yawancinmu za mu yi ba, mu ce ba ruwanmu. Kin kula da attajiri da malamin makaranta da ido ɗaya, har da yarinyar da ko kwabo ba ta kawo miki ba.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Idon ya gaji, matakalar ta fara fin ƙarfin gwiwa, ɗan ƙanenta Waliu ne zai ci gaba da shagon. Ba za a yi taro ba, ta ce ba ta so.

To mu dai mun gode, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutun da kika daɗe kina shirya wa wasu. Ku kuma masu sayar da tikiti da kama ɗaki, daga Fagge har Sabon Gari, da iyaye da yayye, idan wani ya zo muku yana murna zai ƙetare ruwa, ku taya shi murna, sannan ku daure ku tambaye shi. Zai iya jin haushinku, zai iya zaginku. Huseina ta haihu bana, tana nan a shagonta, a garinsu, cikin danginta.